Mariyano Ribera, Ɗan Masunci Mai Rufe Wasa

A ƙasar Amurka akwai wani wasan ƙwallo da a ke kira besbol. Ba da ƙafa a ke yinsa ba, da hannu ne da kulki. Mutanen ƙasar suna sonsa ƙwarai, har su kan ce shi ne wasansu na gado. Ana kuma yinsa a Japan da Kuba da Benezuwela da Panama, da waɗansu ƙasashe da dama. A can akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai wannan wasa, da shi su ke ci, da shi su ke sha, da shi su ke ciyad da iyalinsu. Labarin ɗaya daga cikinsu za ku karanta, sunansa Mariyano Ribera. Amma ba za ku gane abin da ya sa ya yi suna ba sai kun san yadda wasan ya ke.

Yadda a ke wasan

Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. A filin an ajiye alama huɗu a kusurwa huɗu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta ƙafa 90. Ɗaya ana kiranta gida, sauran ukun kuwa zango ne, da na fari da na biyu da na uku. Ƙwallon bai fi lemon zaƙi girma ba, amma yana da tauri ƙwarai, an naɗe shi da zare, an rufe da farar fata, an ɗinke da jan zare. Kulkin kuwa na itace ne, ya yi kama da 'yar taɓarya, sai dai wajen mariƙinsa siriri ne, wajen kansa ne mai kauri.

Ƙungiya ɗaya ta kan watsu cikin fili tana tsaro, kowa da safar hannu ta fata don cafe ƙwallo. 'Yan ɗaya ƙungiyar kuwa su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna tsayawa a gida da kulki. A tsakiyar fili akwai wani ɗan tudu, nisansa da gida ƙafa 60 da inci 6. A kan tudun nan majefi ya ke tsayawa, watau mai jifa. Shi zai jefo ƙwallo wajen abokinsa mai cafewa, wanda ya ke tsugune bayan mai bugu. Mai bugu kuwa so ya ke ya maka wa ƙwallon kulki ya tafi nesa, shi kuma ya sheƙa zuwa zango na fari kafin masu tsaro su tsinto shi. In mutum ya bi zangon nan uku ya komo gida lafiya, ƙungiyarsa ta sami ci ɗaya.

In majefi ya jefo ƙwallo daidai, ya bi tsakanin gwiwar mai bugu da ƙirjinsa, shi kuwa ya kasa bugawa har sau uku, to, an fid da shi. Haka kuma in ya buga aka cafe kafin ƙwallon ya taɓa ƙasa, ko kuwa ƙwallon ya riga shi isa zangon fari. In kuwa jifan majefi ya karkace sau huɗu, sai a ba mai bugu zangon fari kyauta. Sa'ad da aka fid da mutum uku, sai masu tsaro su zo bugu, masu bugu su tafi tsaro. In kowace ƙungiya ta yi nata bugun, an yi turmi ɗaya ke nan, yadda 'yan dambe su ke faɗi. Turmi tara a ke yi, wanda ya fi yawan ci shi ne da nasara.

Ku lura, ko da ya ke mutum tara ne cikin fili, nauyin ya fi yawa a kan majefi, don ba abin da zai motsa sai ya yi jifa. Gwanayen majefa su kan jefa ƙwallo da gudun mil 90 cikin sa'a ɗaya, ko fiye. Bai cika rabin sakan ba ƙwallon ya iso wurin mai bugu. Amma hannu nama ne, ba ƙarfe ba. In majefi ya yi jifa kamar ɗari, sai kafaɗarsa ta yi nauyi, jifansa ya yi sanyi, masu bugu su fara gane shi. Sa'an nan manajan ƙungiya ya fito ya karɓi ƙwallon daga hannunsa, ya kira wani wanda bai gaji ba. Wannan shi ne majefin gudummawa, don tamkar dakarun da a ke ajiyewa a baya ya ke, waɗanda ba a sakowa sai yaƙi ya yi zafi. Majefan gudummawa ba su zama tare da sauran 'yan wasa. Can gefen fili a ke keɓe musu wani ɗan shinge, inda su ke motsa hannu suna jira. Sunan da Amurkawa suka ba shingen nan da ban dariya, ma'anarsa garken bijimai.

A da ba a ɗauki majefin gudummawa a bakin kome ba. A kan ce wanda ya kasa fara wasa shi a ke turawa garken. Daga baya aka gane cewa mutum ukun ƙarshe sun fi wuyar fitarwa, sai kowace ƙungiya ta riƙa ajiye gwaninta don turmi na tara. Shi a ke kira mai rufewa. Ba a kan kira shi ba sai ƙungiyarsa tana gaba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In ya shigo tazarar ba ta fi ci uku ba, ya riƙe ta har aka tashi, sai a rubuta masa ceto ɗaya. A shekarar 1969 aka fara rubuta ceto cikin littafin hukumar wasan.

Aikin nan gajere ne, sau da yawa ba ya wuce minti goma, amma ba kowa ke iya shi ba. Kamar mutum ne da aka miƙa wa tulu cike da ruwa a bakin ƙofa, bayan waɗansu sun ɗauko shi tun daga rafi. In ya kai shi ɗaka lafiya, ba wanda zai yi mamaki. In kuwa ya yi tuntuɓe tulun ya fashe, wahalar kowa ta tashi a banza, kuma gobe shi ɗin ne za a sāke miƙa wa wani tulun.

Yaron bakin teku

A shekarar nan ta 1969, ran 29 ga Nuwamba, aka haifi Mariyano Ribera a ƙasar Panama. Ku duba taswira, za ku ga wata siririyar ƙasa da ta haɗa Amurka ta Arewa da ta Kudu, ita ce Panama. Mutanenta Sifaniyanci su ke yi. A wani ƙauyen masunta ya girma, a bakin Tekun Fasifik, sunansa Puwarto Kaimito. Ubansa shugaban wani jirgin su ne mai kama ƙananan kifayen nan da a ke kira sadin.

Yaran ƙauyen ba su da kuɗin sayen kayan wasa, sai su yi nasu. Su kan naɗe tsohuwar koma su ɗaure ta tamau ta zama ƙwallo, su saro reshen itace ya zama kulki, su yanka kwalin madara su zura hannu ciki ya zama safa. Filinsu kuwa rairayin bakin teku ne, in ruwa ya janye. Sai da Mariyano ya shekara 12 ubansa ya saya masa safar fata ta gaske. Duk da haka ba besbol ne a ransa ba, ƙwallon ƙafa ya fi so, sai da ya yi ta jin ciwo a idon sawu da gwiwa sa'an nan ya haƙura da shi.

Ya bar makaranta bai gama sakandare ba. Yana ɗan shekara 16 ya shiga jirgin ubansa, kwana shida cikin mako suna kan ruwa. Su a teku aiki ne mai wuya da hatsari. A shekarar 1988 wata igiya ta ƙwace daga injin jan koma ta fyaɗi kawunsa, raunin nan shi ya zama ajalinsa. Bayan kamar shekara ɗaya kuma jirginsu ya yi nauyi da kifi, injin kwashe ruwa ya lalace, jirgin ya fara nutsewa, da ƙyar suka tsira. Mariyano ya ga wannan sana'a ba tasa ba ce. Abin da ya ke so a lokacin nan shi ne ya zama makaniki.

Yana kuwa taɓa besbol a wata ƙungiyar yankinsu, ba don kuɗi ba, kuma cikin masu tsaro ya ke, ba majefi ba. Wani mutum, wanda aikinsa shi ne yawon neman yara masu hazaƙa, ya taɓa ganinsa yana tsaro, bai ga abin ɗauka ba, ya wuce. Ran nan a shekarar 1989 majefinsu ya rikice, aka rasa wanda zai karɓe shi, sai aka ce Mariyano ya hau tudu. Ai kuwa ya yi jifa mai kyau, har abokansa biyu suka kai labarinsa wurin mutanen ƙungiyar Yankees ta birnin Niyu Yok. Aka kira shi gwaji. Siriri ne, jifansa bai wuce mil 87 ba, amma hannunsa a sake ya ke, kuma inda ya nufa nan ƙwallon ya ke zuwa. Ran 17 ga Fabrairu 1990 aka ɗauke shi, aka ba shi kuɗin da bai wuce dala 3,000 ba. A wurin masu wannan wasa kuɗin nan kamar kyauta aka same shi.

Baƙunci da jinya

Ba a kan sa sabon yaro cikin manya nan da nan ba. Kowace babbar ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi hawa-hawa, kamar azuzuwan makaranta, sai mutum ya ci wannan a ciyad da shi gaba. Mariyano bai taɓa shiga jirgin sama ba, bai taɓa barin ƙasarsu ba, ba ya kuwa jin ko kalma ɗaya ta Turanci. A jihar Filorida ya fara, ya yi turmi 52, ci ɗaya tak aka ɗora wa laifinsa a kansa. Shekara ta biyu aka kai shi wani gari inda masu jin Sifaniyanci ba su da yawa. Shi da bakinsa ya faɗi cewa ya kan yi kuka da dare sabo da rashin abokin magana. Sai ya roƙi wani abokin wasansa ya koya masa Turanci, suka riƙa yi cikin mota in za su wasa wani gari. A ƙarshen shekarar nan, 1991, ya koma gida ya auri Kilara, wadda ya sani tun suna makarantar firamare.

A 1992 gwiwar hannunsa na dama ta lalace, aka yi masa aiki a asibiti. Ku tuna, hannun nan shi ne jarinsa duka. Cikin shekarar nan aka ba waɗansu sababbin ƙungiyoyi biyu dama su zaɓi 'yan wasa daga tsofaffin. Yankees ba su ɓoye Mariyano ba, amma ba wadda ta kula shi.

Ya warke, ya ci gaba. Ran 23 ga Mayu 1995 aka fara sa shi cikin manya, a matsayin majefi mai fara wasa. Abin bai yi kyau ba ko kaɗan, aka ci su 10 ba ko ɗaya, shi kuwa tun a turmi na huɗu aka cire shi. Bayan wasa huɗu aka mai da shi ƙaramar ƙungiya, har shugabanni suka fara shawarar musanya shi da wani majefi. Ana cikin haka sai labari ya zo cewa gudun jifansa ya ƙaru farat ɗaya, daga kamar mil 90 zuwa 95 da 96. Mai kula da cinikin 'yan wasa bai yarda ba sai da ya bincika, da ya tabbata sai ya fasa musayar. Mariyano Kirista ne mai riƙon addininsa ƙwarai, ya ce wannan daga Allah ne.

Wasan manya ya kan fara ne wajen farkon Afrilu, kowace ƙungiya ta yi wasa 162 kafin ƙarshen Satumba. A watan Oktoba waɗanda suka fi ƙwazo su yi ta fid da juna, har biyun da suka rage su kara a Gasar Duniya, wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai ya ɗauki kofi. Sunan ya fi abin girma, don ƙungiyoyin Amurka ne da ɗaya ta Kanada ke yi, amma 'yan wasan daga ƙasashe da yawa su ke zuwa. A wasannin Oktoba na 1995 aka gwada Mariyano a aikin gudummawa, ya yi turmi biyar da ɗoriya ba a ci shi ko ɗaya ba. Nan idon shugabanni ya buɗe. A 1996 aka bar shi a garke, yana riƙe turmi na bakwai da na takwas, ya fid da mutum 130 waɗanda suka kasa taɓa jifansa, Yankees suka ci kofi. A 1997 aka mai da shi mai rufewa. Cikin ceto shida na fari da aka ba shi dama, uku suka kuɓuce masa, amma manajansa ya ce masa ya kwantad da hankalinsa, aikin nasa ne.

Jifa ɗaya

Cikin watan Yuni na shekarar nan wani abu ya faru. Yana 'yar jefe-jefe da abokinsa Ramiro Mendoza kafin wasa, sai ƙwallon ya riƙa zuwa sak, in ya kusa isa ya zame gefe. Mendoza ya yi fushi, yana tsammani wasa ya ke yi masa. Shi kuwa Mariyano bai canja kome ba. Ya ɗauka jifansa ne ya lalace, shi da malamin jifa suka yi makonni suna ƙoƙarin miƙar da shi, abin ya ƙi. Daga baya suka lura masu bugu ba su iya taɓa shi, sai suka bar shi haka.

Ga yadda abin ya ke. In aka ɗora manuniya da yatsan tsakiya a kan ɗinkin ƙwallo, aka ɗan karkata su gefe ɗaya, aka ƙara danna na tsakiyar, ƙwallon ya kan tafi yana juyi a kaikaice. Iska ta riƙa tura shi gefe kaɗan-kaɗan. Ana kiran irin wannan jifa mai yanka. Waɗansu majefa ma suna yinsa, amma na Mariyano ya bambanta, don yana da gudu, kuma ba ya nuna zai kauce sai ya zo dab da mai bugu. A lokacin nan kuwa mutum ya riga ya saki kulki, ba halin gyarawa. In mai bugun bahago ne, ƙwallon ya kan kutso wajen hannuwansa ya sami siririn wurin kulkin, sai ka ji ƙaras, kulki ya karye. A Gasar Duniya ta 1999 ya karya wa mutum ɗaya kulki uku a tsayuwa ɗaya, har 'yan ƙungiyar mutumin suka kasa riƙe dariya.

Yawancin majefa suna da jifa iri uku ko huɗu, wani da gudu, wani a hankali, wani mai lanƙwasa, don su ruɗa mai bugu. Mariyano kusan da jifa ɗayan nan ya yi shekara 17. Mai bugu ya san abin da ke zuwa, 'yan kallo sun sani, har masu tallan gyaɗa a filin sun sani, amma sanin bai hana kome ba. Asirin ba a yatsu kaɗai ya ke ba, yana wurin saiti. Ya kan ajiye ƙwallon a bakin iyaka, ciki ko waje, inda ya ga dama, yau da gobe da jibi. Bai kuwa ɓoye riƙon ba. Duk wanda ya tambaye shi ya kan nuna masa, ko da abokin hamayya ne, har abokansa suka taɓa cin sa tara cikin raha sabo da haka.

Yankees suka ci kofi a 1998 da 1999 da 2000, kowace shekara kuwa shi ne a kan tudu sa'ad da aka fid da mutum na ƙarshe. In aka buɗe ƙofar garke a filinsu ya fito da ɗan gudunsa, a kan saki wani kiɗa mai ƙara. A tatsuniyar Turawa akwai wani mai barbaɗa wa yara rairayi a ido don su yi barci, sai aka laƙaba masa sunan, wai shi ke sa masu bugu barci. Shi dai ba ya ihu, ba ya dukan ƙirji. In ya gama sai ya miƙa wa mai cafewa hannu su gaisa.

Daren da tulu ya fashe

Ran 4 ga Nuwamba 2001 aka yi wasa na bakwai na Gasar Duniya tsakanin Yankees da ƙungiyar jihar Arizona, kowa ya ci uku-uku. Ba a cika wata biyu ba da harin da aka kai wa birnin Niyu Yok ran 11 ga Satumba, mutanen birnin suna neman abin da zai sanyaya musu rai. Yankees na gaba, 2 da 1, aka kira Mariyano tun a turmi na takwas, ya fid da mutum uku. Saura uku a ɗauki kofi na huɗu a jere.

A turmi na tara mutum na fari ya buga ya kai zango. Na biyu ya ɗan tare ƙwallon da kulki ya gangaro gaban Mariyano. Ya ɗauka ya jefa zango na biyu, sai jifan ya karkace, shi da a ke yabo da saiti. Can wani ya buga mai kyau aka yi kunnen doki. Zango uku suka cika da mutane, manaja ya ce masu tsaro su matso kusa don su tare hanyar gida. Luwis Gonzalez ya zo bugu. Jifa mai yanka ya yi aikinsa, ya sami kulkin wajen mariƙi, ƙwallon ya tashi ba ƙarfi. Da masu tsaro suna wurinsu na kullum, da an cafe. Amma sun matso, sai ya bi ta kansu ya faɗi a baya. Arizona ta ci 3 da 2.

A nan a ke gane mai rufewa na gaske. Akwai majefa da dama waɗanda dare ɗaya irin wannan ya karya musu zuciya, ba su ƙara komawa yadda su ke ba. Mariyano ya tsaya a ɗakin canja tufafi ya amsa tambayoyin 'yan jarida, bai ɗora wa kowa laifi ba. Bayan kwana takwas wani jirgin sama da ya tashi daga Niyu Yok za shi Jamhuriyar Dominika ya faɗi, mutum 260 da ke ciki duk suka mutu. Abokin wasansa Enrike Wilson a jirgin nan ya yi niyyar tafiya gida, da sun ci kofi ya tsaya bikin zagaya gari. Da ya ke ba su ci ba, sai ya riga ya tafi. Mariyano ya ce masa ya yi murna da aka ci su, tun da abokinsa na nan da rai.

Ba wannan ne kaɗai ba. A Oktoba 2004 ceto biyu suka kuɓuce masa a jere a hannun ƙungiyar Boston, manyan abokan hamayyarsu, 'yan kwanaki bayan ya komo daga jana'izar danginsa biyu a Panama. Da suka je Boston a shekara mai zuwa aka kira sunansa, sai 'yan kallo suka miƙe suna yi masa tafin ba'a. Ya yi dariya ya ɗaga musu hula. Shekarar nan kuwa tana cikin waɗanda ya fi yin ƙwazo. A 2009 ya rufe wasan da ya ba Yankees kofi, na biyar ke nan a gare shi. Ran 19 ga Satumba 2011 ya yi ceto na 602, ya wuce duk wanda ya gabace shi.

Lamba 42

Kowane ɗan wasa da lamba a bayan rigarsa, ta Mariyano 42 ce. Lambar nan tana da tarihi. Shekaru da yawa an hana baƙar fata wasa cikin manyan ƙungiyoyin Amurka, sai a 1947 wani jarumi, Jaki Robinson, ya keta shingen nan, ya sha zagi da wulakanci ya daure. Lambarsa 42. A 1997 aka yi doka kada a ƙara ba kowa lambar don girmama shi, amma waɗanda su ke da ita su riƙe har su bar wasa. Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta bari, har ya rage Mariyano kaɗai.

Yana da wata al'ada, kafin wasa ya kan shiga fili yana bin ƙwallayen da abokansa su ke bugawa don motsa jiki. Ran 3 ga Mayu 2012 a garin Kansas Siti yana cikin haka sai ƙafarsa ta turguɗe, jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke. Shekarunsa 42, kowa ya ce shi ke nan. Kashegari ya ce ba haka zai bar wasa ba, zai komo. Aka yi masa aiki, ya yi wata da watanni yana koyon taka ƙafar. A 2013 ya komo, ya ce wannan ce shekararsa ta ƙarshe, ya yi ceto 44.

A kowane gari suka je wasa cikin shekarar nan ya kan nemi a tara masa ma'aikatan filin, masu shara da masu tsaron ƙofa da masu sayad da tikiti, ya zauna da su ya yi musu godiya. Ƙungiyoyin da ya daɗe yana hana wa barci suka riƙa ba shi kyautar ban kwana. Ta Minesota ta fi ban dariya, kujera ce mai lilo da aka harhaɗa da karyayyun kulake.

Ran 26 ga Satumba 2013 ya yi jifansa na ƙarshe a filin Yankees. Ya fid da mutum huɗu a jere, saura ɗaya, sai manaja ya ƙi fitowa da kansa, ya aiko tsofaffin abokansa biyu, Derek Jita da Andi Petit, waɗanda suka taso tare tun daga ƙananan ƙungiyoyi, su karɓi ƙwallon. Mutumin da ba a saba ganin fushinsa ko murnarsa a kan tudu ba ya kifa kansa a kafaɗar Petit ya yi ta kuka. Da aka tashi ya koma tudun ya ɗebi 'yar ƙasa ya tafi da ita.

Ya yi shekara 19 cikin manya, duk a ƙungiya ɗaya. Cetonsa 652, kuma har zuwa shekarar 2025 ba wanda ya kai shi. A wasannin fid da gwani na ƙarshen shekara ya ƙara ceto 42. A can ya yi turmi 141, ci 11 kaɗai aka ɗora wa laifinsu a kansa. Masu son lissafi su kan ce mutanen da suka taka wata, su 12, sun fi waɗannan yawa.

A wani ɗan gari cikin jihar Niyu Yok, sunansa Kupastawun, akwai Zauren Shahararru, inda a ke kafa allunan tagulla na gwanayen besbol. 'Yan jarida masu rubutu a kan wasan su ke jefa ƙuri'a, kuma tun da aka fara a 1936 ba a taɓa samun wanda duka suka yarda da shi ba, kullum sai wani ya ƙi. A watan Janairu 2019 mutum 425 suka jefa ƙuri'a, dukansu suka rubuta sunan Mariyano Ribera. Ran 21 ga Yuli aka yi bikin shigad da shi, mutane suka zo da tutocin Panama. Ya yi jawabinsa da Turancin nan da ya koya cikin mota, sa'an nan ya juya harshe ya gai da mutanen ƙasarsu da Sifaniyanci.